Mutuwar Alfadara a Dandalin Unguwarmu

Ina ajin kusa da na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, lokacin da fari ya sake komo wa ƙasar Damagaram. Damina ta zo ta wuce kamar baƙon da ya yi sallama a zaure bai shiga ba. Gero ya tsaya iya gwiwa, ya bushe a tsaye. Kafin kaka ta yi nisa mutanen ƙauye sun fara shigowa Zinder, wasu a ƙasa, wasu a bayan manyan motoci, da tabarmi da tukwane da 'ya'ya. Babanmu baduku ne a unguwar Birni. A shekarar nan fata ta yi arha har abin ya zama na tausayi, don kowa ya san mutuwar dabbobi ce dalilin arhar, amma mai sayen takalmi ko alabe ya yi wuyar gani. Sau ɗaya ake tuƙa tuwo a gidanmu, shi ma na jar dawar taimako.

Duk da haka mu samari ba mu bar abin da muka saba ba, wato karatun littattafan zane, waɗanda muke ce wa bandesine. Ƙanana ne, baƙi da fari, da Faransanci, ana samun kwancensu a kasuwa, wani ba bango, wani ɓera ya ci gefensa. Babban abokina a wannan harka ɗan koyon ɗinki ne, ya girme ni da kaɗan, kowa Tela yake ce masa tun kafin ya iya yanka riga. Bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, a cikin waɗannan littattafai ya ƙarasa koyon Faransanci. Yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin keken maigidansa, nan yake tara su. Yakan ba da aro, amma wanda ya lanƙwasa masa kunnen shafi ya gama aro a wurinsa har abada.

A cikin akwatin akwai labari guda da ya fi kowane shiga ranmu, mai juzu'i da yawa, Tela ya sha wuya kafin ya haɗa su duka. Labarin wani ɗan koli ne, gajere, mai gemu, yana ɗingishi, yana yawo garuruwan kan dutse da tsohuwar alfadararsa. Ba ya riƙe bindiga, sanda kawai. Aka ɗaure ƙanensa a wani gari bayan duwatsu bisa laifin da bai yi ba, shi kuma ya tashi neman mutumin da ya ga gaskiyar abin da idonsa. Mu jikokin fatake ne, mun taso muna jin labarin kakanninmu da suka bi hamada da kaya, saboda haka wannan mutum bai yi mana kama da baƙo ba.

A juzu'i na ƙarshe, yana ƙetare dutse cikin ƙanƙara, sai alfadarar ta faɗi. Shafi uku mai zanen ya yi babu kalma ko ɗaya. Ka ga ta durƙusa, ka ga yana jan igiya, ka ga ya daina ja. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya rufe ta, ya zauna kusa da ita, sannan ya miƙe ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Ya kai shaidar, aka saki ƙanensa, suka komo gida a ƙasa. Iyakar labarin ke nan. Na ga ƙato mai gashin baki ya kai waɗannan shafuna ya juya fuska bango.

Ana nan sai aka kafa hoto a ƙofar sinima, wai an mayar da labarin fim, ga shi ya iso. Mun yi murna kamar ɗan'uwanmu ne ya dawo daga tafiya. Tela kaɗai ya tsaya gaban hoton ya daɗe yana dubawa.

"Ina gemun?" ya ce.

Na ce, "Ƙila sai ya yi nisa a tafiya zai tsiro."

Muka shiga bayan magariba mu uku, da ni da Tela da wani abokinmu ɗan gareji, muna ce masa Bakanike. Shi bai taɓa buɗe bandesine ba, ya ce ƙananan rubutu na sa masa ciwon kai. Sinimar ba rufi, bencina ne a jere, ta cika maƙil. Fitila ta haska bango, sai ga wani dogon saurayi, fuska sumul, gashi a kwance, a kan baƙin doki, da bindiga a kowane ƙugu. Wai shi ne ɗan kolinmu. Ba ɗingishi, ba sanda. Alfadarar na nan, amma an mayar da ita abin dariya, ta saci hular wannan, ta harbi gindin wancan. Aka kawo wata yarinya da babu ita ko a shafi ɗaya, suka kama kallon juna. Mutane na tafi, suna fito.

Tela ya daure har aka zo inda saurayin ya harbe mutum huɗu a kan gada. A littafi, a wurin nan ɗan koli zama ya yi da masu gadar ya yi ta ciniki da su har suka gaji suka bar shi ya wuce. Sai kawai na ga Tela a tsaye kan benci.

"Ƙarya ne! Wallahi ba haka aka yi ba!"

"Zauna, malam!" in ji wani daga baya. "Kai ka haife shi?"

"Bai taɓa kashe kowa ba!"

Ƙwallon goruba ya sauka a ƙeyarsa. Mai tsaron ƙofa ya zo ya kama hannunsa. Na tashi zan bi shi, ya ce, "A'a, zauna. Ka ga ƙarshen, ka zo ka faɗa mini."

Na zauna na gani. An yi ƙanƙarar, an yi dutsen, alfadara ta zame, saurayi ya jawo ta da hannu ɗaya. Aka rufe da biki, ga ango ga amarya, ga alfadara da furanni a wuya. Na iske Tela a waje zaune kan dakali. Da na gaya masa sai ya miƙe, ya kaɗe wandonsa muka tafi gida.

Washegari shagon ɗinki ya zama kotu. Duk masu aron littafi suka hallara, da ma ba aikin kirki, wa yake ɗinka riga a shekarar da ake neman na tuwo? Wasu suka ce an ci amanar littafi. Wani daga cikinmu ya ce shi dai, gaskiya, ya ji daɗi da ba ta mutu ba, Tela ya dube shi kamar ya ga mai sayar da gida. Bakanike kuwa ya miƙe ƙafa ya ce fim ya yi, ya ma fi wanda aka nuna kafinsa.

"Littafi daban, sinima daban," ya ce. "Wanda ya matse cikinsa ya shiga sinima a bana, hutu ya zo nema. In mushe kake son gani, bi hanyar arewa, kyauta ne."

Tela ya ce, "To su yi nasu labarin mana, su raɗa masa nasu sunan. Ba a aron riga a yanke mata hannu, a rine ta, a komo wa mai ita a ce ai ita ce."

Bakanike ya ce, "Mutum nawa suka karanta littafin naka a garin nan? Sauran duk yanzu dogon nan suka sani."

Wannan magana ce ta tsaya mini a rai, don gaskiya ce. Yara sun riga sun fara wasa a lungu da bindigar kara suna kiran kansu da sunan ɗan kolinmu. Na ce, "To mu nuna musu na gaskiyar. Mu yi teyatur ɗinsa, wasan kwaikwayo, da Hausa, yadda yake a littafi, ba ragi ba ƙari."

Aka yi dariya. Tela bai yi ba. Ya ce, "Ba ragi ba ƙari?"

Na ce, "Ba ragi ba ƙari."

Samarin unguwarmu na da ƙungiyar wasan kwaikwayo, sarkin samari ke jagorantar ta, wani kafinta mai fara'a wanda furfura ta fara fito masa. Wasanninsu na tsabta ne da zaman aure da rikicin gado. Muka same shi yana feƙe ƙafar kujera, muka durƙusa muka gaishe shi, na zayyana masa labarin.

"Da dariya a ciki?" ya tambaya.

"Akwai kaɗan, ranka ya daɗe."

"Kaɗan. Da darasi?"

Tela ya ce, "Mutum ne ya ƙi barin ɗan'uwansa a ɗaure."

Sarkin samari ya shafa katakon. Ya ce zai ba mu la'asar ɗin wata Lahadi a dandali, da 'yan wasa cikin yaransa, amma kada mu sa shi kunya.

Muka duƙufa. Ni ke juya maganganun zuwa Hausa, Tela na binciken kowace jimla da yatsa a kan zane. In na ƙara karin magana don daɗi sai ya ce, "Nuna mini inda ya faɗi haka." Mukan yi rabin yini a kan magana ɗaya. Ni aka ba ɗan kolin, don ni ne gajere. Tela ya ɗinka kwat da tsofaffin buhuna, babanmu ya rina shi da abin rinin fata, aka sa faci a gwiwar hannun hagu daidai inda yake a zane. Gemu na gashin akuya ne. Ɗingishi kuwa tsakuwa na riƙa sawa a takalmi, don Tela ya ce in na shagala ina mantawa da wace ƙafa ce. Ƙanƙara muka yi da audugar rimi ta wani tsohon matashi. Dutse ba mu nema ba, dandalinmu ya jingina ne da ɗaya daga cikin manyan duwatsun Birni.

Saura alfadara. Ba mu san mai ita ba a duk garin. Tela ya yi ta gunaguni cewa jaki ba alfadari ba ne, amma ya haƙura. Jakin ma ya yi wuya. Masu ƙarfi suna jigilar ruwa tun safe, masu su ba za su ba da aro don wasa ba, sauran kuwa iska ma na iya kayar da su.

A kangon da ke manne da gidanmu akwai wata dattijuwa da babanmu ya ba wa masauki. Daga wani ƙauye take kusa da Dakusa, ta zo da jikoki biyu, ɗanta ya yi kudu neman abin da zai aiko. Inna muke ce mata. Tana da jaka guda, wato macen jaki, toka-toka, haƙarƙari a waje amma ido a buɗe. Da ita take ɗebo ruwa da itace tana sayarwa. Na same ta tana tsince wa jakar ƙaya a kofato, na roƙe ta aro, da yamma kawai, bayan ta gama aiki.

"Wasa za ku yi da ita?"

"Tafiya kawai za ta yi tare da ni, Inna, mutane na kallo."

"Me za ta ci?"

Muka shirya a kan za mu riƙa tara mata ɓawon gyaɗa da karmami, da 'yar dusa in ta samu, ko da yake a lokacin mutane ma na cin dusa. Muka bi gida-gida muna tarawa. Jakar ta saba da ni, har takan biyo ni ba igiya in na sa kwat ɗin, don ta san akwai abu a aljihu.

Mun bar wurin mutuwar sai a ƙarshen gwaji, saboda shi ya fi wuya. Ran da muka zo kansa, muka kewaye jakar, wani ya ɗaura igiya a ƙafarta ta gaba, wasu suna danna ta ta gefe don ta kwanta, ita kuwa ta kafe. Ba mu ga zuwan Inna ba, ashe ta biyo ta ga wasan da ake ta faɗa.

"Kai, ɗan baduku! Me kuke yi mata?"

Na ce, "Inna, nan ne inda take mutuwa."

"Wa ke mutuwa?"

"A labarin ne. Kwanciya kawai za ta yi, in rufe ta da riga."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!" Ta ture mu, ta durƙusa tana kwance igiyar. "Shanuna da awakina duk a hanya na bar su, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ce ta ɗauko jikokina har garin nan. Kullum kafin in yi alwalar asuba sai na leƙa na ga ko tana tsaye. Dabba in ta kwanta a bana ba ta tashi. Ku kuma ku kayar da ita da hannunku, ku kira mata mutuwa a gaban jama'a?"

Tela ya matso da littafin, ya durƙusa gabanta da ladabi, ya buɗe mata shafunan nan. Ya ce, "Inna, duba. Ba wulaƙanci ba ne. Duk labarin saboda wurin nan aka yi shi."

Ta karɓa, ta nisantar da shi daga idonta, ta bi zanen ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan wanda mutumin yake zaune kusa da gawar.

"Mai zanen nan bai yi ƙarya ba," ta ce. "Amma tasa ta takarda ce, ɗana. Tawa mai rai ce."

Ta miƙa masa littafinsa, ta ja jakarta ta tafi.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mana nauyi. Muka gwada sa mutum biyu a ƙarƙashin bargo su zama alfadara, da kan kwali. Da suka faɗi, na baya ya danne na gaba, har sarkin samari sai da ya riƙe ciki don dariya. Da ya huce ya ce mu cire wurin kawai, a bar jakar ta kai ƙarshe lafiya, Inna ta yarda, kowa ya huta. Bakanike da ke zuwa kallon gwaji ya ce, "Ashe ku ma rayar da ita za ku yi. To ina bambancinku da masu sinima?"

Tela ya ce, "In za a cire, gara a fasa."

Na ce, "Ba za a cire ba, ba kuma za a fasa ba."

Na faɗa ne kawai, ban san yadda za a yi ba. Amma na riga na sa wa raina cewa mutanen unguwarmu sai sun ga wannan labari yadda yake.

Wata safiya ina taya babanmu aiki a rumfarsa sai wani mutum ya yi sallama, dogo, da rawani ya yi baƙi da datti. Yana ɗauke da akumari a kansa, wato shimfiɗar bayan jaki, da igiya a naɗe a hannu. Ya sauke, ya tambaya ko za a saya. Babanmu ba ya sayar da akumari, ba shi da abin yi da shi. Bai tambayi mutumin ina jakin ba. Ya dube shi, ya dubi igiyar, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya saya. Bayan mutumin ya tafi muka ci gaba da aiki.

Da azahar na tafi shagon ɗinki. Na ce wa Tela, "Zan shiga bayan dutse da ita. In daɗe. In fito ni kaɗai, da akumari a ka da igiya a hannu."

"A littafi ana ganin faɗuwarta."

"Ba mai buƙatar a nuna masa. Kowa zai gane."

"Shafi uku ne fa! Kana so ka haɗiye shafi uku a bayan dutse?"

"Shafi ukun na nan. Ni kaɗai za a gani a cikinsu."

Ya taka keke ba zare a ciki, ya tsaya, ya sake takawa. Can ya ce a littafi ɗan koli bai ɗauko akumari ba. Na ce na sani. Ya ce wannan ƙari ne. Na ce ƙari ne, faɗuwar kuma ragi ce, amma mutuwar na nan. Ya daɗe kafin ya kafa nasa sharuɗɗa. Kwat zai tsaya a bayan dutse, tun da an rufe ta da shi, in fito da 'yar shara ina rawar sanyi. Ba zan furta ko kalma ɗaya ba. Shi kuma zai tsaya a gefe da littafin a buɗe, yana bin zanen a hankali, ba zan tashi daga inda na zauna ba sai na ga ya rufe.

Muka koma wurin Inna tare. Na yi mata bayani cewa ba mai kayar da jakar, ba mai ɗaure ta, ita da kanta za ta tsaya a bayan dutse ta karɓe ta.

"Ba wanda zai ce ta mutu?"

Tela ya ce, "Ba wanda zai ce komai, Inna. Haka yake a littafin ma."

"To. Amma in an gama zan ratsa da ita ta tsakiyar mutane, kowa ya ga tana kan ƙafarta."

Tela ya dube ni. Ya ce, "Bayan an tashi. Ba a cikin wasa ba."

"Bayan an tashi," in ji Inna.

Ranar Lahadin dandali ya cika fiye da yadda muka zata. Ga 'yan unguwa, ga 'yan lise, ga kuma mutanen ƙauye da suka yi bukkoki a bakin gari, sun ji ana wasa kyauta sun zo sun zauna can gefe. Na fito ina ɗingishi, jaka na bina. Nan take wasu matasa suka fara ihu daga baya.

"Ina dokin? Ina bindigar?"

"Babu!" in ji Tela daga gefe, da ƙarfin da ya sa sarkin samari ya harare shi.

"Wannan gurgun ne jarumin?"

Na ci gaba da wasana. Da aka zo cinikin gada, inda nake taya masu gadar allura da madubi har suka rasa yadda za su yi da ni, sai dariya ta ɓarke, 'yan kasuwa na cewa wallahi wannan namu ne. Daga nan ba wanda ya sake tambayar doki.

Aka zo dutsen. Yara biyu a sama suna sakin audugar rimi. Na ja jakar, tana tirjewa da gaske don ba ta son santsin wurin, muka kewaya baya. Inna na tsaye, ta karɓi igiyar wuyanta, ta sa mata hannu a goshi. Na kwance akumarin, na tuɓe kwat na ajiye a ƙasa, na ɗauki wata igiyar da muka tanada. Na ɗan jira. Ina jin hayaniyar mutane na raguwa.

Da na fito, wurin ya yi tsit. Na taka kaɗan, na sauke akumarin, na zauna kusa da shi da igiya a hannu. Ina hango Tela ta wutsiyar ido, kansa a sunkuye kan littafi. Wata yarinya ta ce, "Ina jakar?" uwarta ta rufe mata baki. Daga ɓangaren mutanen ƙauye wani tsoho ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar yadda ake faɗa in an ji rasuwa. Wata mace ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani mutum ya miƙe ya fita bai waiwayo ba. Ni kaina na manta da gemun akuya da tsakuwar takalmi. Tela bai yi sauri ba ko kaɗan. Sai da na ji kamar ba zai taɓa rufe littafin ba, sannan ya rufe. Na miƙe, na aza akumarin a ka, na ci gaba da tafiya.

Saura kaɗan a gama, an saki ƙanen nawa, mun kama hanyar gida muna tafe a hankali, sai jakar Inna ta buɗe baki a bayan dutse ta yi kuka, irin dogon nan mai shiga da fita. Dandali ya fashe. Masu dariya na yi, masu hawaye na dariya, wata tsohuwa na cewa, "Alhamdu lillahi, tana nan!" Na dubi Tela, ya ɗora littafin a ka ya riƙe da hannu biyu. Muka ƙarasa wasan cikin hayaniya. Da aka tashi Inna ta ratso da abarta ta tsakiyar jama'a, yara na shafa ta.

Ba kowa ya yaba ba. Wani dattijon unguwa ya tari sarkin samari ya ce bai kamata a fama wa mutane miki ba, suna cikinsa. Sarkin samari ya gaya mana haka, ya ce shi ma bai san ko dattijon ya yi gaskiya ba, amma ba mu sa shi kunya ba. Wani baƙauye kuma ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya jijjiga, ya tafi. Har yau ban san ko godiya ce ko ta'aziyya ba.

Washegari a shago Tela ya jera mini kurakurai. Na riƙe sanda a hannun da ba shi ba a wurin gada. Na yi murmushi inda ɗan koli bai yi ba. Kukan jakar kuwa ya ce zai mutu da takaicinsa. Na ce in an sake ba mu dandali za mu gyara. Ya ce dole ne.

Muna cikin haka Bakanike ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Mutumin nan," ya ce, "me ya sa masa ɗingishin tun farko?"

Tela ya ce, "Yana cikin juzu'i na ɗaya."

"To ba ni in gani."

Tela ya dubi hannuwansa, baƙi ƙirin da man inji. Ya aike shi ya wanke da toka, ya komo, ya sake mayar da shi. Sannan ya jawo akwatin. Bakanike ya riƙa zuwa yana karɓar juzu'i bayan juzu'i, yana karatu a ƙarƙashin mota da leɓe na motsi, in ya cije a kalma ya zo ya tambaye ni. Ran da ya komo da na ƙarshe ya ajiye shi kan keke a hankali, ya zauna, ya ce masu fim ɗin nan ba su da tsoron Allah, har sunan garin da aka ɗaure ƙanen sun canja, shi ya lura. Ya ce in za a sake wasan shi zai fito a babban mai gadar, kuma wanda ya yi shi ran Lahadi bai iya tsayuwarsa ba.